Lahadin Malam Dila

A wani daji da fari ya matsa wa lamba, majalisar dabbobi ta sa a haƙa tafki, ta kuma kafa doka mai kyau: duk wanda ya yi aiki kwana bakwai a jere, a ninka masa dusa, a ba shi hutun yini.

Inna Kande, wata tsohuwar jaka mai kwasar laka, ta jera kwana goma sha biyu, daga Litinin har Juma'ar sama. Bayanta ya yi gyambo, abin tausayi. In ba ta huta ba, ba za ta ga damina ba. Ta je wurin Malam Dila, magatakardan majalisa.

"Ayya, Inna," in ji Dila, "ai mako daga Lahadi yake farawa. Shida kika yi a wancan, shida a wannan. Ina bakwai?"

"Malam, bayana bai san Lahadi ba."

"Doka ta sani."

Kande ba ta yi haushi ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, ita kuwa har romon ta iya sha. Ta bari sai ran Alhamis ta kai ƙara gaban Giwa, shugabar majalisa. Ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni jahila ce, ban iya jawabi ba. Shaiduna bakwai ne, duk suna bakin aiki. Kada tafki ya tsaya, a riƙa kiran ɗaya kowace rana."

Aka yaba da hankalinta. Kai, Kande! Kullum jaki guda zai zo ya nuna bayansa, 'yan majalisa su yi ta kaɗa kai a inuwar tsamiya har la'asar. Ita ko tana gefe a kwance, ga shi an ce mai ƙara ba ta aiki.

Ran Laraba Dila ya miƙe ya gyara murya. "Ya ku manya, yau kwananmu bakwai muna wannan wahala, gindinmu ya yi kanta. Bisa doka, a ninka mana rabonmu."

Kura ta lashe baki. Sai ga muryar Kande daga baya, a hankali.

"A gafarce ni, Malam. Uku kuka yi a wancan makon, huɗu a wannan. Ko Lahadin ba ta biyo ta nan ba?"

Giwa ta dubi Dila, Dila ya dubi ƙasa.

Kafin inuwar tsamiya ta juya an gyara doka baki ɗaya: kwana a jere kwana a jere ne, ko da wace rana ta ratsa. Aka auna wa Kande da sauran jakuna dusarsu, ta tafi ta yi birgima a toka son ranta.

Dattawan dajin sun ce ashe dokar ba ta da wuyar ɗagawa, ba a taɓa ɗora ta a bayan da ya dace ba ne.