Ƙusar Injiniya

Daga masallacin Juma'a na wuce cibiyar adana bayanai a Daura, inda nake kula da wuta da injinan sanyaya ɗaki. Malam Idi mai gadi ya dubi babbar rigata ya ce, "Injiniya, da ka tuɓe ta tukuna."

Na ce, "Baba, ni na ja wayoyin ɗakin nan."

Ina shiga na saɓa rigar a kafaɗa cikin isa, ta fizgo jan makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya. Ɗakin ya yi tsit. Rajistar jarrabawar ɗalibai ta tsaya har Sandamu.

Washegari aka kafa ƙusa a bakin ƙofa. Har yau duk baƙon da ya zo da babbar riga, Malam Idi cewa yake, "Rataya nan, ƙusar Injiniya ce."