Yadda Za Ka Haɗa Injin Matse Katako da Jak ɗin Mota, Ka Rufe Bakin Surukarka

Kai da ka yi cika baki a gaban jama'a cewa za ka yi wa surukarka akushi mai zane-zane kafin Juma'a, zauna ka ji. Ni Mahama kafinta na unguwar Nima a Gana na bi wannan hanya a shekarar 1984, kuma na ba ka tabbacin katakonka zai manne har abada.

1. San abin da ke gabanka

Irin wannan akushi ba daga gungume ɗaya ake fafe shi ba. Guntayen katako ake yankawa, a haɗa su zobe-zobe, a shafa gam, a ɗora wani kan wani, a matse su sosai, sannan a kai injin gurza. In matsin bai kai ba, akushin zai yi yoyo. In ya yi yoyo, surukarka, mu ce sunanta Hajiya Zenabu mai wake da shinkafa a unguwar Maamobi, za ta ci gaba da gaya wa masu layi cewa 'yarta ta auri mutumin da ko benci bai iya tsayarwa ba. Wannan magana tana da ciwo, na sani.

2. Zaɓi katako

Nemi katakon odum mai duhu, da farin katakon nan da mutanen Gana ke kira wawa. Kada ka faɗi sunan na biyun a gaban Hajiya. Za ta ce ai tun daga nesa ta ga kun dace.

3. Je Abossey Okai, kasuwar kayan mota

Masu kuɗi na sayen ƙarfen matsi na Turai. Kai ka nemi jak na tsohuwar Fijo. Imurana mai kayan mota zai ce maka, "Cale, abokina, wannan ya ɗaga bas ɗin tirotiro da mutane a ciki." Yarda da shi. A wannan karon kaɗai gaskiya yake faɗa.

4. Kafa injin

Jak yana son abin da zai tokara a sama. Ajiye zoben katakonka a bakin ƙofar ɗakinka, ɗora faifan katako a kai, ɗora jak, sannan ka tsayar da sanda daga kan jak zuwa katakon saman ƙofa. Shi ke nan, gidan gaba ɗaya ya zama injinka. In Abibata matarka ta tambayi ta inda za ta fita, nuna mata taga.

5. Buga jak sau shida

Shida kawai. Da gam ya fara tsattsafowa ta gefe, saki. In ka ji saman ƙofa ya ce ƙas, ƙasa ta zubo maka a wuya, ka san ka kai iyaka.

6. Kula da bakinka

Daidai nan Hajiya za ta iso, don surukai ba sa zuwa sai a irin wannan lokaci. Za ta tsuguna dab da jak tana leƙe, a ƙarƙashin katakon da ya tsage. Dole ta kauce. Amma kai suruki ne, ba ka ɗaga mata murya, ba ka ma kallon idonta. Za ka sunkuyar da kai ka ce a hankali, "Mma, a ɗan matsa."

Kai kana nufin ta matsa gefe. Ita kuwa ta ga inji, ta ga hannun jak, ta ji an ce a matsa.

"Yoo," za ta ce, ta cafke hannun jak. "Da ma na san ba ka da ƙarfi."

Wannan mata shekara talatin tana sauke tukunyar wake ita kaɗai. Za ka sake cewa, "Mma, a matsa dai," ita kuma ta ƙara himma. A bugu na goma sha ɗaya katakon ƙofa zai rabu da bango, kwanon rufi ya ɗaga, ka hango sararin samaniya daga kan gadonka.

7. Karɓi sakamako

Kai zoben wurin mai injin gurza. Akushin zai fito sumul, ko allura ba ta samun wurin shiga. Ran Juma'a Hajiya za ta ɗaga shi a gaban masu layin wake ta ce, "Ku gani, ni na matse shi. Shi kallo ya yi." Kada ka musa, don ba ƙarya ta yi ba.

Da damina ta kama, za ta aiko maka da shi aro, ka tari ruwan da ke zubowa ta inda rufin ya ɗaga. Nawa yana nan a gefen gado, kuma har yau bai ɗiga ko sau ɗaya ba.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, rufinsa, ƙofarsa da aurensa suna wuyansa. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. In mai gidan haya ya zo neman wanda ya ba da shawara, a ce masa Mahama ya matsa.