Kantar da Ta Shiga Bango

"Lafiya lau, ango. Ina gajiyar hanya? Ko da yake jaki ne ya gaji, kai kana bisa kana gyangyaɗi."

Inna Shatu ce ke amsa gaisuwar jikanta Rabilu daga bakin ɗakinta a Illela, tana zaune kan tabarma tana ɓarar wake. La'asar ta yi sanyi. Rabilu ya dawo daga Konni, amalanken jaki ya kawo shi daga tasha da wasu dogayen kwalaye shafaffu, kamar an kwana a kansu. Ya jingina su da ɗakin da ke liƙe da nata, wanda tun rasuwar mijinta ba mai kwana ciki sai buhunan gero da littattafan da Rabilu ya tara tun yana lakwal, wato makarantar boko, har ya gama karatun koyarwa a Tawa. Tun yana goye take ce masa mijinta, shi kuma da ya yi baki ya ce mata amarya, kuma rana ba ta faɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Lefe na kawo miki," in ji shi.

"Lefen kwali? Tun da nike ban ga ango mai rowa irinka ba. Buɗe in ga abin da za ni ƙi."

Ya yage bakin kwali ɗaya. Fararen katakai ne fale-fale a jere, da ƙusoshi cikin leda. Inna ta miƙa wuya ta duba.

"Wanga ai makara ce ka sawo mini tun da raina."

"Wa zai ɓata sabon katako a kanki? Ke da kika ga lokacin da aka dasa kukar bakin kasuwa."

"Na gani. Na kuma ga ranar da anka haife ka, kai kamar ɗan tsako da ya faɗa rijiya. Ungozoma sai da ta ba uwarka haƙuri."

Da dariya ta lafa ya yi mata bayani. Kanta ce irin wadda ake sayarwa a wargaje, mutum ya haɗa da kansa. Wani mai shago ne ke kwashe kaya ya sakar masa su da araha, don aikin kafinta ya fi ƙarfin aljihunsa. Zai ɗora su kan tubalin siminti saboda gara, ya jera su daga kusurwa zuwa kusurwa, ya kafe su da bango, ya toshe duk wata kafa, ya shafe su da fenti iri ɗaya da na ɗakin. Duk wanda ya shigo zai zaci tare da bangon aka gina su. Inna ta ce bangon nan mijinta na gaskiya ne ya gina shi, namiji mai faɗin kafaɗa, ba irin wanda iska ke tambaya ina za shi ba.

Washegari aiki ya fara. Ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa don kada komai ya wuce ta. Kantar farko da ya haɗa, ƙafafunta sama suka duba. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce yanzu ta gane amfanin boko, yana koya wa katako tsayuwa da ka. Rabilu ya ce da gangan ya yi, don ya ga ko haƙorin da ya rage mata yana nan. Ya warware ya sake. A hankali bango ya fara sauya kama. Buhunan gero suka koma rumbu, ƙamshin fenti ya kori na ƙaiƙayi, kantoci suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Wata yamma ta leƙa ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya jingina da bango yana kallon aikinsa. Hasken taga ya kwanta a kan kantocin da ba kowa a kansu tukuna. Ta zauna kusa da shi. Ba tare da ya dube ta ba ya fara faɗin abin da yake gani: littattafai tun daga ƙasa har sama, tabarma a tsakiya, randa a kusurwa, ruwan sama na dukan kwano, 'yan unguwa sun kwanta rub da ciki kowa da nasa, ba ka jin komai sai ƙarar buɗe shafi. Muryarsa ta yi ƙasa kamar mai magana cikin barci.

Inna ma ta kafa wa bangon ido, sai dai ita wani abu daban take gani. Kwanonin jerenta ne, masu jan fure da shuɗin baki, da suka daɗe a ƙarƙashin gado, sun hau sama suna ƙyalli kamar ranar da aka kawo ta gidan nan tana yarinya, ana guɗa a tsakar gida, duk waɗanda suka yi guɗar suna raye.

"Sahun sama nawa ne," in ji ta. "Haƙƙin amarya."

"Ki sa kwanonin da tsatsa ta cinye kusa da ilimi?"

"Kwanona sun ciyar da gari. Ilimin naka mi ya taɓa dafawa?"

Ya ce zai yi tunani. Sahun saman ma bai ƙare ba, don tsakanin kanta da rufin ɗaki akwai wani wawakeken gurbi, katako ya ƙare masa, aljihu kuma ya bushe.

Inna ta dube shi. Tun ranar kasuwa uwar Rabilu ta gaya mata cewa an tura shi koyarwa can arewa, bayan Abalak, kuma da buɗe lakwal zai tafi. Shi bai faɗa mata ba. Kullum tana jira ya faɗa, kullum sai ya kawo wani shirme. Ta san shekarunta, ta kuma san nisan wurin.

"Ango, in tambaye ka. Kantar da ke tsaye da ƙafafunta, mutum na ɗauka ya tafi da ita. Mi ya sa taka ka kafe ta da bango?"

"Don kada ki sayar ki ci goro."

"Rabilu."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ta manta. Ya sunkuyar da kai yana murza wata ƙusa tsakanin yatsu. Ya ce ya rasa ta inda zai fara ne. Ya ce littattafan ba za su bi shi ba, nan zai bar su, jikin ɗakinta, don duk inda ya kwana ya san inda gidansa yake. Duk hutu zai zo. In yara sun zo karatu ita za ta riƙa buɗe musu ƙofa.

Ta gyara zama, ta harare shi.

"Ni da ban san baƙi ba sai na tukunya, ni za ka ba gadin littattafai?"

"Shi ya sa na zaɓe ki. Ba za ki sace ko ɗaya ba."

"In hura wuta da su fa?"

"Idonki ba ya ganin ashana."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta shiga ɗakinta. Ya ji tana jan wani abu a ƙasa, tana nishi tana zagin gwiwoyinta. Can sai ga ta da murfin tsohon akwatin aurenta, katakon maɗaci mai kauri, ya yi duhu da santsi saboda shekaru. Ta jingina shi da ƙafarsa.

Rabilu ya shafa shi, ya ɗaga kai ya dubi gurbin. Ya ce ba zai iya sa zarto a wannan ba. Ta ce in bai yanka ba ita za ta yanka, kuma ya san hannunta ba ya tafiya daidai.

"Ka yi nasara, ango," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi, wai fenti ne ya shige mata. "Toshe gurbin, ka kafa shi da kyau. Amma ka ji da kunnenka: in hutu ya zo ban gan ka ba, direban motar da ta kai ka za ni aura."

"Da wane haƙorin za ki yi masa murmushi?"

"Ba murmushi za ni yi masa ba. Hanya za ya nuna mini, in zo in kamo ka da kunne."

Rabilu ya fashe da dariya, ya jawo zarto, ya ce ta riƙe masa ɗaya gefen.