Korau da Kyamarar Gauraki

Na yi yawo a ƙasar nan, gabas da yamma, kuma yawancin garuruwan da na sauka sunayensu sun zube mini kamar gero daga ɓulallen buhu. Amma Tafkin Giginya bai zube ba. Na yi damina ɗaya a can, a zauren wata tsohuwa, Iya Delu, Allah ya saka mata da alheri. 'Ya'yanta biyu ne. Babban shi ne Korau, ƙato mai sanyin hali, wanda idan aka gaya masa abu yakan yi shi daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Ƙaramar ita ce Marka, tana taimakawa a ɗakin shan magani na ƙauyen, kuma Allah ya jarabce ta da son tsuntsaye. Da ta tashi aiki sai bakin fadama, tana ɗaukar su hoto da wayarta.

Ranar da na sauka na fara sanin halin Korau. Iya Delu ta ba shi tuwo a akushi ta ce, "Kai wa Malam, ka ga ya cinye." Tuwon na mutum uku ne. Na ci na ƙoshi na ture, Korau ya turo mini. Na ce, "Ɗana, na gode, ya isa." Ya ce, "Malam, Iya ta ce in ga ka cinye, kuma ban gani ba." Ya tsuguna ya zuba mini ido. Daminar nan ce kaɗai na taɓa yin kumatu.

A ƙauyen akwai wata al'ada tun ta kakanni: inda gauraki suka yi sheƙa ba a sa masa garma. Akwai wata kusurwa a ƙarshen fadama da aka bar musu saboda haka. To, an daɗe ba a gan su ba, sai Mai unguwa Shekarau ya ce da ruwa ya janye za a kawo tarakta a nome wurin, a yi shinkafar rani. Marka ta je ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, suna nan. Na gan su, har hoto na ɗauka." Mai unguwa ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya mayar nesa. Ya ce, "'Yata, wannan ɗigon gauraka ne ko ƙuda ne ya sauka a gilashin? Kawo mini hoton da zan ga tukkunsa, ni kuwa in bar musu wurinsu. In babu, tarakta na zuwa."

Wata rana Marka za ta aiki, sai ta ba Korau wayar ta ce, "Yaya, matsalar nisa ce. In ka ga tsuntsu, ka yi ta matsawa har ya cika fuskar wayar, sannan ka danna nan." Korau ya tarar da wata belbela a bakin ruwa. Ya matsa, ta tashi. Ya bi ta. Ta sauka bayan shanun Fulani, ya matsa, ta sake tashi. Haka suka yi ta yi har suka wuce gonaki, suka shiga ƙauyen gaba, sunansa ya ɓace mini, mai kasuwa ran Laraba. Da yamma ya dawo ƙafa duk ƙaya, yana murmushi. Marka ta duba, sai ga idon wata kaza ya cika wayar fal. Ta ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ya ce, "Ita kaɗai ta yarda. A keji take, a kasuwa."

Daga nan Marka ta san waya ba za ta yi ba. Tana da rago guda da ta yi kiwo tun yana ɗan ƙarami, ta sayar da shi don ta sami kyamara. Ba ta da wani ragon, in wannan kuɗin ya tafi a banza shi ke nan.

Wata rana, aiki ya hana ta tafiya birni, dole ta aiki Korau. Ta zaunar da shi ta ce, "Yaya, ka saurara. Kada ka saya sai ka gwada ta a kan tsuntsu, kuma tsuntsun ya zama yana can nesa." Korau ya yi tunani, ya ga ba shi da tabbas birni akwai tsuntsu, sai ya kama jan zakaran Iya Delu ya sa a kwando ya hau mota. A shagon, wani Alhaji mai fara'a ya ɗauko masa wata 'yar kyamara sabuwa fil, tana sheƙi, daidai kuɗin rago. Korau ya ce, "Sai na gwada a kan tsuntsu." Alhaji ya ce, "Bawan Allah, gwada a kaina mana." Korau ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kai ba tsuntsu ba ne." Ya buɗe kwando, ya fita ƙofar shago, ya cilla zakaran sama. Zakara ya yi fiffike ya tsallake titi, ya dire kan rufin wasu shaguna can ƙetare, ya yi cara. Korau ya leƙa ta sabuwar kyamara ya ce, "Ɗigo. Mai unguwa zai ce ƙuda ne." Aka kawo wata. "Ɗigo." Aka kawo wata kuma. Mutane suka taru suna dariya, masu saye na gaske sun kasa shiga. Alhaji ya gaji, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wata ta hannu, fentinta duk ya goge, an ɗaura mata wani dogon bututu mai gilashi kamar taɓarya. Ya ce ta wani mai ɗaukar hoton 'yan ƙwallo ce da ya bar sana'a. Korau ya leƙa, ya ja da baya a firgice ya ce, "Kai! Yana hararata!" Alhaji ya ce, "Wannan ta ɗara kuɗinka kaɗan, amma ɗauki ka tafi, don girman Allah." Korau ya ce ba zai ci haƙƙin mutum ba, Alhaji ya riƙe zakaran da ke kan rufi har ya kawo ciko.

Da Marka ta ga abin da ragonta ya zama sai da ta yi hawaye. Iya Delu kuwa na ta salati a kan zakaranta. Amma da Marka ta fita ƙofar gida ta saita bututun a kan wata hasbiya da ke can ƙololuwar rimi, sai ta share hawayenta. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, duba." Na leƙa, na ga jan da ke kewaye da idon hasbiyar. Ni da na zaci idanuna sun gama aiki.

Sai dai gauraki ba hasbiya ba ne. Suna cikin ciyawa mai tsawo, kuma da sun ji motsin mutum sai su lafe.

Wata rana wani tsohon maharbi ya ara musu kan burtu, irin wanda mafarauta ke ɗaurawa a goshi su sunkuya su shiga cikin tsuntsaye. Marka ta ɗaura wa Korau, ta rataya masa kyamara ta ce, "Ka shiga cikinsu, duk abin da suka yi ka yi, kada su gane ka." Korau ya shiga cikin garken dinya, manyan agwagin ruwan nan. Suka yi kiwo, ya yi ta caccakar laka. Suka karkaɗe jiki, ya karkaɗe. Can wani kare ya yi haushi, garken ya tashi sama gaba ɗaya. Korau ya buɗe hannuwa, ya ruga, ya daka tsalle daga kan gaɓa. Da muka jawo shi daga taɓo, baki ɗaya ya zama baƙi, ban da hannu ɗaya da ya ɗaga sama da kyamarar. Ya tofar da laka ya ce, "Marka, wannan ɗin na ƙarshe sai an koya mini."

Ruwa ya yi ta janyewa. Marka ta rame.

Wata rana bayan sallar asuba ta kai Korau kan 'yar siririyar hanyar da ke shiga kusurwar, hanya ɗaya tilo mai tauri a cikin laka. Ta kafa kyamara a kan gwafa, ta juya bututun wajen ciyawa. Ba su daɗe ba aka aiko wa Marka cewa wata mata na naƙuda. Marka ta ce, "Yaya, zauna nan. Kada ka motsa, kada ka yi magana, sai na ce maka na dawo. Yatsanka kaɗai zai motsa, in ka ga mai tukku ka danna." Ta tafi. Haihuwar ta zo da gardama. Kuma ranar nan ce mai tarakta ya gama aiki a ƙauyen gaba da wuri, ya iso ba a zata ba.

Ina cikin waɗanda suka bi taraktar, da sandata. Muka tarar da Korau zaune a tsakiyar hanya, hantsi ya dubi ludayi, wata kurciya na tafiya a kan kafaɗarsa. Mai tarakta ya yi ta oda. Korau ko gezau. Mai unguwa ya ce, "Korau, tashi!" Shiru. "Kai, kurma ka zama? Ku ɗauke mini shi!" Samari biyu suka kama shi, sai ka ce kututturen giginya suka kama. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Malam, kai yake ji." Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya sa ni cinye tuwon mutum uku, ni ban isa in tayar da shi ba. A kira wadda ta zaunar da shi."

Mai tarakta ya kashe mota don kada mai ya ƙone. Muka zauna muna jira. Marka ta iso a guje, hannunta ko bushewa bai yi ba. Ta wuce kowa ta sunkuya bayan kyamarar, ta danna wani abu, sai ta dafe baki. Ashe tun fitowar rana gauraki sun ɗauki Korau kututture, sun fito kiwo a gabansa. Ga su nan a hoto, biyu, tukkunsu kamar an fesa zinariya, da 'yan tsaki masu ruwan ƙasa suna bin ƙafafunsu.

Mai unguwa ya duba ya daɗe. Ya ce, "Hoto dai." Marka ta ce, "To leƙa ta nan, ranka ya daɗe." Ya sa ido a kyamarar, ta juya masa bututun a hankali. Muka ji ya ce, "Allahu akbar. Rabona da su tun ina bin babana kamun kifi." Ya miƙe ya share ido da hannun riga, ya ce wa mai tarakta, "Juya. Akwai masu gida a ciki."

Marka ta wanke mini hoto ɗaya, yana cikin gafakata har yau. Idan sunaye suka guje mini nakan ɗauko shi in duba, sai Iya Delu ta dawo, da akushinta, da zaurenta. Allah ya yi wa gidan nan albarka.

Af, na manta. Tarakta ta tafi, mutane sun fara watsewa, Korau na nan zaune, hawaye na zuba saboda ƙafarsa ta mutu. Mai unguwa ya ce, "Tashi mana, ka yi nasara." Bai motsa ba. Sai Marka ta tuna, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Yaya, na dawo."

Korau ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. To yaushe za mu je mu sauko da zakaran Iya?"