Yaƙin Durumin 'Yan Dara

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ga labarin Barau ɗan Nomau jikan Jatau, tsatson mazajen da ba sa barin inuwa sai rana ta kore su. Gwarzon gurbi, sadaukin tsinke, Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar 'Yan Dara ta Gindin Durumi, wanda tarihi bai taɓa jin ya amsa cewa an cinye shi ba.

A shekarar da musibar ta sauka, Alhaji Ilu mai filin ya ƙudurta sare durumin ya gina shaguna. Durumin nan kuwa shi ne fadar Barau, nan kaɗai a faɗin duniya ake ce masa ranka ya daɗe. Abin takaici, Alhaji Ilu surukinsa ne, uban matarsa, mutumin da ko sunansa Barau ba ya iya faɗa, balle ya haɗa ido da shi. Sai Allah Ya buɗe masa wata hikima da sarakunan yaƙi na dauri ba su samu ba: ya maka Alhaji a kotu da sunan ƙungiya. Duk wanda ya yi masa maganar kunya sai ya ce, "Ni na kai ƙara? Ƙungiya ce!"

Ranar shari'a runduna ta ɗaura ɗamara, manyan riguna sun sha guga, aka cika motar haya ana kabbara, Barau a gidan gaba yana kururuwa: "Durumi ko kabari!"

Kaico! Ko zama ba su gama gyarawa ba wani siririn lauyan Alhaji ya miƙe ya tambaya ko ƙungiyar tana da rajista.

Barau ya yi tsawa: "Muna da shugaba, muna da mai tsawatarwa, hulunanmu ma iri ɗaya ne!"

Alƙali ya ce, "Malam Barau, ƙungiyar da ba ta da rajista doka ba ta san da zamanta ba, ba ta ƙarar kowa. Amma wanda abin ya shafa yana iya tsayawa da sunan kansa. Wa zai tsaya?"

Barau ya waiwaya. Dakarun nan da suka rantse da kabari, kowa ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Ya juya, sai ga Alhaji Ilu a kan benci yana jan carbi, yana kallonsa. Wallahi tausayi ya kama ni a nan. Sadauki ya durƙusa a tsakiyar kotu, ya cire takalmi.

"Baba, an tashi lafiya?"

Aka kori ƙara.

Alhaji ya ce, "Lafiya lau, Barau. Gobe ka biyo da gatarinka, na ma'aikata ya dakushe."

"To, Baba."

Malaman tarihi sun haɗu a kan cewa sai da Barau ya wasa gatarin kafin ya kai.