Talabijin Ɗin Da Ya Kwashe Mini Majalisa

Ranar Talatar da ta wuce na dawo Bukkuyum daga Gummi a kujerar baya ta wata tsohuwar bas, gwiwoyina a ƙirji, buhun gero ya danne mini kafaɗa, wani ɗan akuya yana taunar bakin rigata. A kujerar gaba kuwa, kusa da direba, inda iska ke shiga, an zaunar da sabon talabijin ɗina cikin kwalinsa, an tokare shi da filo biyu. Duk ramin da muka faɗa sai direba ya kai hannu ya dafa kwalin, ya ce, "Sannu, Yallaɓai." Ni kuwa, kaina ya daki rufin mota har sau uku, ko waiwaye ban samu ba.

Ban ga laifin direba ba, ramukan ne suka yi yawa. A kan idona Mai Girma Alhaji Za-a-yi ya zo da jerin motoci da makaɗa ya ɗaga cebur a bakin wani ramin, aka tafa, aka ci shinkafa. Bayansa Yallaɓai Ana-kan-hanya ya zo ya ɗaga nasa cebur ɗin a bakin ramin dai, wanda ya ƙara girma don ya dace da matsayin baƙo. Allah Ya saka musu da alheri, da ba don su ba da ramin nan ya tsufa ba wanda ya taɓa kawo masa ziyara.

To amma yau ba su na zo yi wa tsiya ba, kaina na zo yi wa. Masu karatu, ku gafarce ni, akwai abin da na ɓoye muku tsawon shekarun da nake rubuta wannan shafi. Ni Zakariyya, magidanci mai furfura a gemu, ina buga ƙwallon gem. Ƙanena ne ya bar mini na'urar lokacin da zai koma Sakkwato, na ce zan adana masa. Shekara shida ke nan ina adanawa. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a zaurena, a jona wani ƙaramin talabijin da batirin sola, mutanen unguwa su taru, shayi ya zagaya. Wannan majalisa ita ce gonata. A nan nake tsintar duk ƙorafin da kuke karantawa, a nan kuma ake ce mini Malam ana gyara zama idan na buɗe baki.

Matsalar guda ce, sunanta Maccido. Tela ne, shagonsa na bakin kasuwa, mutum ne marar hayaniya mai kama da wanda bai iya komai ba. A shekara shidan nan sau biyu na ci shi, ɗaya ma ranar yana fama da zazzaɓi. Kullum aka tashi sai in nuna talabijin in ce laifinsa ne. Hoton dishi-dishi, ƙwallo kamar ƙwayar wake, ba ka rabe ɗan wasanka da alƙali. Ranar da ya zuba mini shida ba ko ɗaya, zuciya ta ɗebe ni, na miƙe tsaye a gaban jama'a na ce, "Ku shaida. Ranar da na sayi talabijin mai ƙwarin hoto, in Maccido ya sake cin ni, na'urar nan ta koma shagonsa har abada."

Maƙwabcina Malam Haidar, mai makarantar allo, ba ya buga gem, shayi kawai ke kawo shi. Ya ajiye kofi ya ce, "Zakariyya, alƙawali na hwa. Kai da ka ka zagin masu saɓa shi duk mako cikin jarida."

Na ce na sani. Ban sani ba. Sai da na shiga gida na gane cewa inda na'ura ta tafi nan majalisa za ta bi, da shayinta da gulmarta da masu ce mini Malam.

Wannan ne ya kai ni Gummi, bayan na rabu da waken da na yi niyyar ajewa sai ya yi tsada. Mai shagon, Ubaidullah, mutum ne mai haƙuri da son yin bayani. Talabijin sun kai goma jere a bango, duk suna nuna aku ɗaya yana cin kankana ɗaya. Na gyara hula na ce masa fo-ke nake so. Kalmar a bakin ƙanena na ji ta, kuma na yi ta maimaita ta a mota don kada ta zame.

Ya ce fo-ke na nufin an ƙera hoton da ɗigo-ɗigo sama da miliyan takwas, shi ya sa yake fita tas. Sannan ya tambaye ni wace irin na'ura gare ni. Da na kwatanta masa sai ya girgiza kai.

"Alhaji, wagga na'ura taka tsohuwa ta. Ba ta hidda hoton fo-ke. Talabijin ɗin na za shi yi ta ciko da nashi tunani."

"Ya yi cikon," na ce. "Ai mun saba."

"Kuma zauren naka, taku nawa na daga bango zuwa inda ka ka zama?"

"Uku. Huɗu in an ɗauke tukunyar ruwa."

Ya kai ni gaban wani matsakaici, inci arba'in da uku, ya ce wannan ya dace da ni. Wai mai gem ba kyan hoto kaɗai yake nema ba, saurin amsawa yake nema, ka danna ɗan wasa ya motsa nan take. Wai manyan nan masu sheƙi sai sun tsaya sun yi wa hoto kwalliya, sun goge, sun shafa mai, kafin su nuna maka, kuma kafin su gama an wuce wurin. Ya ce akwai inda ake kashe kwalliyar a cikin rimot, zai nuna mini. Ni kuwa tuni idona ya maƙale a kan wani ƙato mai inci hamsin da biyar, wanda a cikinsa har ruwan kankana nake gani yana gangara a bakin aku.

"Batirin solarka na ɗaukar wanga?" in ji Ubaidullah.

"Za a duba," na ce. Da na ji kalmar ta fito daga bakina sai da na waiga, na ɗauka wani babban mutum ne ya shigo shagon.

Ban tsaya koyon rimot ba, don mota za ta tashi kuma kowa ya san hanyar nan da rana ake bin ta. Da muka iso, sai da aka cire ƙyauren zaure kafin Yallaɓai ya shiga. Matata Saude ta leƙo daga cikin gida, ta dubi talabijin, ta dubi bangon da ya cinye, ta dube ni.

"Malam, wanga duka don ƙwallon ƙarya?"

"Ci gaba ne, Saude. Ba za ki gane ba."

"Awo. Ci gaban da ya tahi da wake ya bar mu ba ƙyaure. Na gane shi sarai, irinai na ka ka rubutawa."

Aka sa wasa ranar Juma'a bayan la'asar. Na hana a kunna fanka tun safe don batir ya cika, gida duka aka yi ta gumi saboda aikin ƙasa. Zaure ya cika har waje. Da na kunna, jama'a suka yi salati. Ciyawar fili kore shar, kana ganin lambar kowace riga, har 'yan kallon cikin gem ɗin suna da fuska, abin da ban taɓa sani ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na dubi Maccido ina jiran in ga tsoro. Ya cire takalmi, ya zauna a inda ya saba, ɗan baya da ni kaɗan ta hannun hagu, ya ce hoton ya yi kyau.

Aka take. Na danna a ba da ƙwallo, ɗan wasana ya tsaya yana nazari. Sai da na Maccido ya iso ya karɓe, sannan nawa ya ɗaga ƙafa ya shuri iska cikin ƙasaita. Na danna a tare, mai tsaron bayana ya karɓi umarni, ya ajiye shi a kan tebur, ya zame a ƙasa bayan an wuce shi da taku biyu. Ban taɓa ganin abin da ya yi kama da ofishin manyanmu irin wannan ba. Ka kai kuka yau, a amsa maka baɗi, amma fa da hoto mai kyau. Kafin hutun rabin lokaci an zuba mini biyu.

Na fita waje na kira Ubaidullah ina huci. Bai ce ai na faɗa maka ba, wanda ya fi ciwo. Ya ce in danna nan, in gangara can, in zaɓi wurin da aka rubuta gem. Na koma na yi yadda ya ce a gaban kowa. Sheƙin ya ɗan ragu, ciyawa ta koma ciyawa, amma da na taɓa maɓalli sai ɗan wasa ya zabura. Na bayyana wa majalisa cewa ƙwallaye biyun farko na gwamnatin da ta shuɗe ne, a soke su. Maccido ya ce ya yarda, a fara daga farko.

Wannan yardar tasa ita ta kashe ni. Yanzu hoto tas, maɓalli na amsawa, batir cike, ba rana a idona. Na duba ko'ina a zauren nan ban ga abin da zan jingina wa laifi ba. Aka sake takewa. Duk inda na nufa sai in tarar da ɗan wasan Maccido ya riga ni isa yana jira. Na samu bugun daga kai sai mai tsaron gida, na yi bisimilla na buga dama, golansa ya tafi dama tun kafin ƙwallo ta bar ƙafa. Aka tashi huɗu da nema. Kuma a wannan talabijin ba a ɓoye komai, har maimaici ake yi a hankali, daga kusurwa uku, don wanda ke waje ma ya gani.

Na yi gyaran murya na ce lamarin yana buƙatar bincike, za a kafa kwamiti mai mutum biyar ya duba ko wayar da ke haɗa na'ura da talabijin ta jabu ce, ya kawo rahoto bayan girbi. Malam Haidar ya kalle ni ta saman kofin shayi. Na ji kunya ta rufe ni tun daga hula har tafin ƙafa. Shekara nawa ina cin abinci da wannan jimlar, ashe ni ma tana nan ajiye a ƙarƙashin harshena tana jiran rana.

Na sunkuya na zare wayoyi, na naɗe su, na ɗora na'ura a cinyar Maccido. Sannan na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun shekara shida da suka wuce.

"Don Allah, Maccido, yaya kake yi?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Malam, ni hwa ban cika kallon talabijin ba. Idona sun gaji da zare da allura, ko tsohon ko sabon duk ɗaya na gare ni. Hannunka ni ka kallo. In za ka dama, babban yatsanka shina tahiya dama tun da sauran lokaci, kahwaɗarka ta bi shi, har harshe ka ka hiddowa."

Aka fashe da dariya har da masu leƙe ta taga. Wani ya ce shi ma ya daɗe da lura, wani ya ce har yara sun sani. Ashe duk unguwa ta san sirrina, ni kaɗai ke zuba wa bango ido.

Tun ranar Asabar majalisa ta koma shagon Maccido. Suna can a cunkushe tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, suna buga gem a wani ɗan talabijin da bai kai faifai ba, kuma ina jin ihunsu daga nan idan iska ta juyo. An aiko mini in zo, an ce an ajiye mini benci. Zan je, amma sai fuskata ta huce. Mai shayi ma ya bi su, ya bar mini tabon gawayi a ƙofar gida. Ba ƙaramar kewa nake ji ba.

Jiya da yamma na zauna ni kaɗai a zaure gaban inci hamsin da biyar, na kama tashar labarai. Sai ga wani Ranka-ya-daɗe Sarkin Yanka-zare yana jawabi a gaban wata rijiyar burtsatse da aka yi wa sabon fenti. Hoto ya fita tas, kana ganin aikin wuyan babbar rigarsa zare-zare, kana ganin haƙoransa a jere yana cewa daga yau an yi bankwana da ƙishirwa. Na ɗan jima ina sha'awar fuskar, sai na ce bari in gwada dabarar tela. Na sauke idona na nemi hannunsa.

Yana cikin aljihu. Aljihun wa, wannan kam ko ɗigo miliyan takwas ba su nuna mini ba.