Ranar da Na Gyara wa Hamidu Akwatin Kiɗa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da an ce in manta, da ranar bikin jikata Rakiya a nan Filinge. Ni dai ban yi lakkwal ba, wato boko, amma duk Kurfai an san hannuna wajen gyaran ƙwarya. In ƙwarya ta tsage, gidana ake kawo ta. To, wannan hannun ne ya ja mini.

Ina da jika, Hamidu, mai kaɗa jita. Kiɗansa ba irin wanda kuka sani ba ne. In ya taɓa tsirkiya sai ka ce hadari ya taso daga gabas, kaji su watse, jaki ya tsinke igiya. Ya daɗe yana cewa zai tafi haƙar zinariya arewa, ni kuwa raina bai so ba, don waɗanda suka tafi ba duka suka dawo ba. Sai Allah ya kawo wani mai orkesta, wato ƙungiyar makaɗa, daga Yamai, dangin ango, ya ce zai saurare shi ranar biki. In kiɗan ya yi masa, zai ɗauke shi aiki.

Kwana uku Hamidu yana gwada akwatuna biyu a tsakar gidana, waɗanda suke ce wa ampili. Ɗaya sabo ne ƙarami, na aro, muryarsa siririya, tsaf. Ɗayan tsoho, da kwalabe masu ja a bayansa, yana zaune bisa wani ƙaton akwati mai baki huɗu. Ya sa waya nan, ya cire, ya sa can, ya karkata kai kamar mai sayen rago.

Na ce, "Maigida, ɗauki sabon mana. Tsohon nan mura gare shi."

Ya ce, "Amaryata, ke dai tsaya ga hurarki. Sabon waƙa yaka yi, tsohon shi ka ruri. Rurin nika so."

(Na ɗauka kunya ce ta hana shi cewa kayansa sun lalace.)

Ran biki da hantsi ya tafi aski. Na leƙa ƙaton akwatin, sai ga shi baki ɗaya ya tsage, tsaga har biyu a jikin baƙar takardar da ke cikin bakin. Na ce, a'a, ga ciwon. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na yanko ƙyalle daga tsohon zanena, na liƙe tsagar, na ƙara wani bisa. Sauran bakunan uku ma na shafe su, don kada su bi sahu. Na ja shi rana ya bushe. Wallahi ko ƙwaryar amarya ban taɓa yi wa aiki haka ba.

Bayan la'asar aka taru, mutanen Sanam da na Abala duk sun zo. Baƙon Yamai ya zauna gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Hamidu ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu sama, ya sauke kan tsirkiya.

Abin da ya fito, kun san akuya in an rufe ta cikin rumbu? To, shi.

Ya murɗa, ya sake bugawa. Akuya dai. Gumi ya keto masa. Ni kuwa da na ji rurin ya tafi, sai na miƙe (da ma na yi zamana!), na gyara lulluɓi, na ce da ƙarfi, "Jama'a, kun ji ya warke? Ni na gyara shi!"

Hamidu ya leƙa akwatin, ya ga zanena mai furanni. Ya ce, "Kaka, mi kika yi? Ni na tsaga shi da reza! Wata biyu ina neman muryar ga!"

Aka fashe da dariya, har amarya cikin lulluɓi kafaɗunta na rawa. Ni dariyar ba ta dame ni ba kamar fuskar yaron. Na ga zinariya ta tafi da shi, kuma da hannuna.

Sai na taka na isa gaban akwatin, na durƙusa. Wanda ya liƙa ai shi ya san bakin liƙi. Na nemi ruwan ɗumi, na jiƙa, na ɓanɓare ƙyallen a hankali, jama'a na kallon ƙeyata. Wajen cirewa hannuna ya zame, tsaga ta ƙaru ta zama uku.

Na ce, "Buga mu ji."

Ya buga. Kai! Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Baƙon Yamai ya sauke ƙafarsa, ya ce, "Tsohuwa, wannan tsagar ta uku ita ce ba ta akwai da."

Hamidu yana Yamai yanzu wurin mai orkestan nan, yana zuwa duk salla. Ni kuwa ko ƙwarya aka kawo mini, sai na tambayi mai ita, "Kin tabbata ba da gangan kika tsaga ta ba?"